Kuskuren gidan bugu ne ko ɓarnar hannu? Yadda ake tantance tsofaffin sulalla

"Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar kakanmu an ba ni wani gwangwani cike da tsofaffin kuɗi: kwabo mai huji, aninai, sulalla masu hoton bishiyar kwakwa, da 'yan kaɗan na ƙasashen waje. Guda huɗu sun fita daban. Akwai sule da gefensa ya gutsure kamar an ciza, akwai kwabo da hujinsa ya kauce daga tsakiya, wani kwabon rubutunsa biyu-biyu yake, sai wani sule mai ƙullutu a bakinsa. Abokina ya ce kuskuren kamfani ne, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna sayen irinsu da tsada. Ta yaya zan gane kuskure ne ko lalacewa kawai suka yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kaka, Ya kai haske kabarinsa. Abin da kake son sani shi ne ko waɗannan alamomi tun a gidan buga kuɗi aka fito da su, ko kuwa bayan kuɗin sun shiga hannun jama'a suka same su. Na farko shi ne kuskuren bugu, wanda masu tarawa ke nema. Na biyu lahani ne, kuma rage darajar sule yake yi.

Gara ka ji tun yanzu cewa mafi yawan abin da ake kawowa da sunan kuskure lahani ne. Sule ƙasa da daƙiƙa ɗaya yake yi a bakin inji, amma ya shekara saba'in ko ɗari yana yawo: ya faɗi a kasuwa mota ta taka, an binne shi cikin tulu, yara sun daka shi da dutse, maƙeri ya yanki gefensa. Saboda haka duk sulen da aka miƙo mini, a lahani nake fara ajiye shi har sai ya nuna mini a wane mataki na aikin bugu abin ya faru. In babu matakin da zai iya haifar da alamar, komai ban mamakinta, ba kuskure ba ce.

Yadda ake buga sule

Ba ka iya wannan hukunci sai ka san aikin. Ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kaurin da ake so. Inji ya rinƙa fafe ƙananan faya-fayai daga jikin fallen. A gasa su su yi laushi, a wanke, sannan a bi da su ta wani inji da ke matse gefe ya ɗaga musu leɓe a kewaye. Daga nan faifan ya faɗa cikin wani zoben ƙarfe mai riƙe shi, hatimi biyu, na sama da na ƙasa, su haɗu a kansa a bugu guda. Gidan buga kuɗin Amurka ya ce injinansa na kuɗin kashewa suna danna tan 35 zuwa 100, kuma inji ɗaya na buga kusan guda 750 a minti. Zoben nan shi ke tsayar da faɗin sule, shi ne kuma ke yi masa tsaga-tsagan gefe in mai tsaga ne.

Kuɗin kakanka ta wannan hanya aka yi su. An fara buga kwabo da anini masu huji don yankinmu a 1907, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sulallan azurfa suka fito a 1913. A Ingila aka buga akasarinsu, a gidan bugun masarauta da ke Landan da kuma kamfanoni biyu a Birmingham, masu sa ɗan harafin H ko KN. Na ambaci haruffan ne don kada ka gan su ka ɗauka wani baƙon abu ne.

Kuskure daga wuri uku kaɗai yake fitowa: faifai, hatimi, ko bugun kansa. Sannan ka riƙe cewa hatimi a juye yake: abin da ya lotsa a jikinsa tasowa yake a sule. Wanda ya taɓa buga bulo ya san in akwai tsaga a jikin abin bugun, a jikin bulo layi ne mai tasowa zai fito, kuma duk bulon da aka buga da shi zai fito da layin a wuri guda. Haka hatimi yake.

Kayan da kake bukata ba su da yawa: sikelin masu sayar da zinare mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, gilashin ƙara girma mai ninki goma, maganaɗisu, ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, da fitila guda da za ka haska daga gefe. Abin da ya fi su duka shi ne lafiyayyen sule iri ɗaya, shekara ɗaya, ka ajiye a gefe kana kwatantawa. Gwangwaninka zai ba ka wannan kyauta.

Sulen da ya gutsure

Wannan kuskure yana faruwa da gaske. In fallen ƙarfe bai matsa gaba sosai ba, abin fafewa sai ya sauka ya haɗa da gurbin da ya riga ya fafe, faifan ya fito da gibi kamar jinjirin wata. Lura da cewa gibin yana nan kafin a ɗaga leɓe, kafin kuma a buga, don haka matakan biyu duk sai sun bar shaida.

Fara da leɓe. A gibin gaske, leɓen yana sirancewa a hankali yayin da yake dosar gibin har ya ɓace, domin ƙarfen ya sami wurin gudu lokacin bugu. A wanda aka yanka daga baya, leɓen yana tafe da cikakken tsayinsa sai kawai ya yanke. Dubi haruffan da ke kusa da gibin: a na gaske sun yi rauni, kamar an ja su wajen gibin, a na yanka, harafi yana nan da kaifinsa an datse shi rabi. Sai ka juya sulen ka dubi leɓen da ke daura da gibin, wato can ɗaya ƙarshen. Injin ɗaga leɓe matsawa yake daga ɓangarori biyu. Da gibin ya zo, matsin ya saki, sai leɓen da ke daura ya fito a kwance ko da faɗi. Masu tarawa suna kiran wannan alamar Blakesley. Samunta hujja ce mai ƙarfi, amma rashinta ba ya kashe magana, don a manyan gibi da bugu mai ƙarfi takan ɓace.

Yanzu ɗaga sulen ka kalli cikin gibin da gilashi. Abin fafewa yanka yake ya kai wani wuri sannan ragowar ƙarfen ya tsinke, shi ya sa za ka ga kaurin ya rabu biyu, sashe mai santsi da sashe mai kaushi. Magagari layuka yake bari a jere. Almakashin ƙarfe ko kurfi suna lanƙwasa bakin, su bar ƙaya mai kama yatsa, sau da yawa sulen ma ya ɗan karkace. In cikin gibin yana ƙyalli alhali sauran jikin ya dushe, yankan sabo ne. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗauki wani sule irinsa ka kanga gefensa a gibin. In gibi mai lanƙwasa ne na gaske, zai zauna kusan daidai, tunda abin da ya fafe faifan shi ya yi gibin.

A nan ina ƙara yin hattara in sulen na azurfa ne. Sulen 1913 nauyinsa giram 5.66 ne, azurfa mai kyau, kuma maƙeran farfaru sun daɗe suna narka irinsa su yi zobe da awarwaro. Gutsurar gefen sulen azurfa don ɗan liƙi abu ne da aka saba. Sikeli kaɗai ba zai raba gardama ba, tunda gibin gaske da na yanka duk rage nauyi suke.

Kwabo mai kaucaccen huji

Hujin kwabo da anini aikin gidan bugu ne, kuma akan sami wanda hujin ya kauce, har da wanda ba a huda ba sam. Abin da za ka tabbatar shi ne hujin na inji ne. Auna faɗinsa ka kwatanta da na lafiyayyen kwabo na wannan shekarar, dole su zo ɗaya. Bangon hujin ya zama a miƙe, da'ira cikakkiya, launin cikinsa ya tsufa daidai da sauran jiki. Hujin ƙusa yana lotsa fuska ɗaya ya turo ƙarfe a ɗayar. Na injin huda yana barin layi mai murɗawa a bango da ƙaya a baki.

Akwai abin da ke ruɗin mutane da yawa. Kwabon da ya daɗe a zare ko igiya, hujinsa yakan cinye ta gefe guda ya koma kamar ƙwai, sai ido ya ga kamar ya kauce. Duba ɗaya gefen hujin: in yana nan inda ya kamata, ci ne kawai. Kaucewar gaske duk da'irar ce ke matsawa, ta ci wani sashe na zanen ta bar fili a ɗaya gefen, kuma nauyin bai canza ba, tunda ƙarfen da aka cire daidai yake. In kuma wata rana aka kawo maka kwabo marar huji, nemi zagayen liƙi a tsakiya da bambancin launi, don ana cike huji da dalma a goge.

Rubutu biyu-biyu

Nan ne aka fi yin asara, domin abu huɗu ne ke kama da juna, ɗaya kaɗai ke da tsada.

Mai tsadar shi ne wanda ninkin ke jikin hatimi. Wajen ƙera hatimi ana danna masa zane daga wani uban hatimi, a da fiye da sau ɗaya. In ya goce tsakanin dannawa biyu, zanen ya zauna biyu, kuma duk sulen da hatimin ya buga zai fito da ninkin iri ɗaya sak. Shahararren misali shi ne santin Amurka, wato kwabonsu, na 1955, wanda aka ƙiyasta guda dubu 20 zuwa 24 suka shiga gari. Ninkin shekarar da rubutun ana ganinsa ba gilashi. A irin wannan, siffofi biyun duk a tashe suke, masu tudu, kusan tsayi ɗaya, harafin ya ƙara kauri, kuma ƙarshen haruffa ya rabu da 'yar tsaga.

Na biyu girgizar inji ce: hatimi ya yi sako-sako, ya ɗan zame yayin ɗagowa ya shafce gefen harafi. Siffa ta biyu a kwance take kamar matakala, tana ƙyalli, kuma in ka kwatanta da lafiyayye za ka ga ainihin harafin ya rame, domin daga jikinsa aka shafto matakalar. A gidan bugu ya faru, gaskiya ne, amma ya yi yawa har ba a ƙara masa kuɗin kirki. Na uku tsufan hatimi ne: haruffa su yi inuwa marar kaifi, galibi ta wajen baki, filin sulen kuma ya yi gurji-gurji. Shi ma haka.

Na huɗu aikin hannu ne. A ɗora sule kan sule a daka da guduma ko a matse, sai rubutun ɗaya ya shiga jikin ɗayan. Alamarsa ba ta ɓuya: rubutun da ya ƙaru a lotse yake, a juye kamar a madubi, ya hau kan zanen asali ya latse shi, ɗaya fuskar kuma ta baje inda ta sha ƙasa ko guduma. Akwai kuskuren gaske mai kama da wannan, inda sule ya maƙale a hatimi ya bugi faifan da ya biyo baya. Amma a can fuska ɗaya lafiya lau take da kaifinta, ɗayar kuma hoton wannan fuskar ce a lotse a juye, babu wani zane a ƙarƙashinta. Hatimi yana tallafe da fuskar lokacin bugu, shi ya sa ba ta baje ba. Guduma ba ta iya wannan.

Haska fitila daga gefe, ka rinƙa juya kwabon a hankali. Tambaya biyu za ka amsa: ninkin a tashe yake ko a lotse, kuma harafin ya yi ƙiba ko ya rame.

Ƙullutu a baki

In gefen hatimi ya ɓalle, ƙarfe sai ya cika gurbin, sule ya fito da ƙullutu marar zane wanda ya haɗe da leɓe. Ƙarfensa da launinsa ɗaya ne da sauran jiki, babu layin haɗi a gindinsa, bai zarce faɗin sulen ba tunda zobe ya tare shi, nauyi kuma bai ƙaru ba. Juya ka dubi bayansa daidai wurin: zanen zai yi rauni, domin ƙarfen ya tafi cike gurbi.

A ƙasarmu kuwa, ƙullutu a bakin sulen azurfa kusan kullum gurbin kunne ne. An daɗe ana liƙa wa sulalla da manyan azurfofin nan masu shekarar 1780 ɗan kunne don a rataya a wuya ko a kitso, musamman a adon matan Fulani. In kunnen ya karye ko aka cire, sai liƙin ya rage. Za ka gane shi da launi daban, da baƙi ko shuɗin wuta a kewaye, da yadda ya hau kan haruffa ya kwararo har gefe ya cike tsaga-tsagan. Galibi yana daidai saman hoton, inda mai ratayawa zai so hoton ya tsaya a miƙe. In naka a nan yake, kusan an gama magana.

Haka ake raba tsagar hatimi da ƙarce. Tsagar hatimi layi ne mai tasowa, mai karkace-karkace, ba rami a gefensa. Ƙarce rami ne da ɗan tudu a gefe, inda ƙarfen da aka ture ya taru, kuma ya fi cin wuraren da suka fi tasowa. Ƙarfe ba ya ɓacewa haka kawai: in abu ya daki sule, nemi inda ƙarfen ya koma, ka nemi tabo a bayan wurin.

Sauran da za ka iya tararwa a gwangwanin

Sule siriri mai ƙarancin nauyi, wanda faɗinsa ya ragu, zanen duk yana nan amma ya yi dishi-dishi ta fuska biyu, asid ne ya ci shi, ko ruwan batir ko daɗewa a ƙasa. Wanda aka buga a faifan wani kuɗin daban, nauyinsa sai ya dace da wani sanannen kuɗi da gidan ke bugawa a lokacin, kuma faifan ba zai fi zoben girma ba, in ba haka ba ba zai shiga ba. Sulen da bakinsa ya yi kauri faɗinsa ya ragu, an daddake gefensa ne za a yi zobe aka fasa. Wanda aka buga ba zobe kuwa faɗi yake ƙarawa, gefensa sumul ba tsaga, zanen da kaifinsa. Bugun da ya kauce daga tsakiya yana kaucewa ta fuska biyu daidai wa daida, ya bar fili mai santsi da leɓensa, nauyi cikakke. Harafin da ya ɓace saboda maiƙo ya cike hatimi yana barin wuri sumul ba layin goga.

Launi shi kaɗai ba hujja ba ne. A 1943 Amurka ta buga santinta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, giram 2.7, 'yan ƙalilan suka fita a faifan tagulla na giram 3.11. Saboda tsadarsu, an shafa wa na ƙarfe masu yawa tagulla, wasu kuma suka sassaƙe 8 ta 1948 ta koma 3. Maganaɗisu yana kama na farko, gilashi ya tona na biyu.

Ƙwandala mai ƙarfe biyu, irin naira ɗaya da naira biyu masu shekarar 2006 ko sefa 500 ta Nijar, ana iya fitar da tsakiyarta a juya a mayar; nemi tabon duka da ɗan sarari a mahaɗar. Mai hoton kai ta fuska biyu kuma kusan kullum sulalla biyu ne aka rarake aka haɗa: akwai layin haɗi a cikin leɓe, in ka sake shi a tebur ƙararsa a mace take. Kuskuren haɗa hatimin da ba nasa ba yana faruwa, kamar kuɗin Ingila na kwabo 20 da aka buga a 2008 ya fito ba shekara ko ta wace fuska, wanda gidan bugun ya ce bai kai guda 250,000 ba. Irin wannan jikinsa lafiya lau yake, ba tabo ko ɗaya, kuma sananne ne a kundayen masu tarawa.

Abin da za ka yi yanzu

Kada ka wanke, kada ka goge da toka, lemon tsami, ko man goge ƙarfe. Gogewa tana share shaidun da muka lissafa, kuma ko kuskuren na gaske ne, ta karya farashinsa. In gam ne ko dauɗa mai maiƙo, jiƙa shi a tsantsar asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da gam da maiƙo, cikin kofin gilashi na 'yan mintoci, a wuri mai iska nesa da wuta, ka bar shi ya bushe ba shafawa. Riƙe sule ta gefe, ka sa kowanne a 'yar takardarsa.

Daga bayani a rubuce ba a yanke hukunci, hoto ma yakan yi ruɗi saboda haske, musamman a batun ninki. Amma bisa abin da ka faɗa, mai ƙullutu na fi zaton liƙi ne, mai rubutu biyu girgizar inji ko duka, mai gibi da mai huji su ne suka cancanci a zauna a kansu da gilashi. Sulen da ya sha hannu sosai kuma wani lokaci shaidarsa ta goge, ƙwararru biyu su duba su saɓa.

Ko ya tabbata kuskure ne, ɗan gibi ko ɗan kaucewar huji a kuɗin da aka buga da yawa ƙari kaɗan yake kawowa. Farashin da kake gani a Facebook da WhatsApp abin da mai kaya ya nema ne. Nemi abin da aka sayar a gwanjo. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna dubawa su rufe sule a roba da shaidarsu, amma kuɗin aiki da na aikawa yakan fi darajar ƙaramin kuskure, don haka sai abin da ya tsallake duk gwajin nan ake kai musu. Kuma duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya saya, rabu da shi.

Auna guda huɗun, ka rubuta nauyi da faɗin kowanne tare da na lafiyayyen ɗan'uwansa. Ka ɗauki hoton fuska biyu da gefe a hasken rana, ba walƙiyar waya, da hoto na kusa na cikin gibin da leɓen da ke daura da shi, da bayan ƙullutun. Ka turo mu duba tare.